Daga Daji Zuwa Ƙulli: Yadda Zafi, Danshi Da Leda Ke Cinye Maganin Gargajiya

A kusan kowace babbar tasha ta ƙasar Hausa, daga Kano zuwa Maraɗi, ba a rasa motar mai magani da lasifika a kanta. An shimfiɗa buhu a kan bonet, an jera ƙulle-ƙullen gari cikin farar leda, ga sassaƙe, ga saiwoyi, ga robobin ruwa da aka sake cikawa da tsimi. Rana na dukansu tun hantsi har la'asar sakaliya. Abin da ya yi kwantai a mayar da shi but a rufe, gobe a sake fito da shi. Mai saye kuwa abu biyu yake tambaya: maganin mene ne, kuma nawa ne. Da wuya ka ji wanda ya ce yaushe aka daka shi, ko a ina yake kwana tun daga ranar.

An daɗe ana muhawara a kan ko maganin gargajiya na aiki ko ba ya yi. Likitoci na da ta cewa, masu sana'ar na da tasu, malaman jami'a na ta gwaje-gwaje a kan sabara da marke da garahuni. Sai dai duk wannan muhawara a kan itacen ake yin ta, yana tsaye a daji ko an kai shi ɗakin bincike da sabuntarsa. Abin da mara lafiya ke sha daban ne. Shi ganye ne da aka tsinko watanni da suka wuce, aka shanya shi a inda aka samu, aka ɗura a buhun da ya samu, ya bi mota, ya kwana a sito, ya zauna a rumfar kwano. A wannan doguwar hanya ce magani mai kyau ke zama ƙaiƙayi, wani lokacin ma ya zama cuta. Ni a ganina, nan ne aka fi yi wa maganin gargajiya illa, kuma nan ne gyara ya fi araha.

Busasshen ganye bai gama canzawa ba

Yawancinmu muna ɗauka cewa da zarar abu ya bushe, to ya tsaya ke nan, ko shekara nawa zai yi. Ba haka ba ne. Ɗanyen ganye irin na zogale kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Shanya tana sauko da wannan ruwa zuwa kamar kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka, sai ruɓa ta tsaya. Amma sinadaran da ake neman ganyen dominsu suna nan suna ta sauyawa a hankali: wasu su bi iska, wasu su haɗu da iskar su rikiɗe, wasu haske ya wargaza su. Abin da ke ƙara wa duk wannan sauri shi ne zafi.

Masu ilimin haɗa magunguna suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi a ma'aunin salshiyas yana iya ninka saurin lalacewar sinadari sau biyu. Ƙiyasi ne, kowane tsiro da halinsa, amma ya isa ya nuna girman matsalar. Ganyen da zai yi shekara da ƙarfinsa a ɗaki mai digiri 25, yana iya hucewa cikin wata shida a digiri 35, ko wata uku a digiri 45. To a watan Afrilu, zafin rana a Kano yakan kai digiri 38 zuwa 40 a inuwa, a Sakkwato da Maiduguri kuma yakan zarce haka. Cikin shagon kwano marar silin, ko kwantena, ko but ɗin mota, duk wanda ya taɓa shiga da azahar ya san ya fi waje zafi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Kafin kamfani ya samu izinin sayar da ƙwayar magani a ƙasashe masu zafi da laima irin Najeriya, sai ya ajiye samfurinta a digiri 30 da laimar iska kashi 75 cikin 100 na tsawon lokaci, ana aunawa ana ganin ko ƙarfinta na raguwa. Akwai kuma gwajin gaggawa, wanda ake yi da gangan don a wahalar da maganin: digiri 40 da laima kashi 75, har wata shida. Daga waɗannan gwaje-gwaje ake fitar da ranar daina aiki da ake bugawa a jikin kwali. Wato zafin da masana ke azabtar da magani da shi a ɗakin gwaji, shi ne zafin yau da kullum na rumfar mai magani a bazara. Laimar gwajin kuwa ita ce ta watan Agusta. Ƙwayar asibiti tana cikin takardar gorar ruwa da kwali, an kuma gwada juriyarta. Garin sassaƙe yana cikin ledar ƙulla sukari, babu wanda ya gwada shi.

Masu ƙamshi ke fara tafiya

Ba duk magunguna ke lalacewa da sauri ɗaya ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Sassaƙen maɗaci da na marke, da 'ya'yan bagaruwa, masu ɗaci da bauri, suna da juriya. In sun bushe sosai kuma ba a daka su ba, sukan daɗe. Saiwa mai kauri ma haka. Waɗanda suka fi saurin tafiya su ne masu ƙamshi, domin ƙamshin nan shi ne maganin, wani siririn mai ne da ke tashi ya bi iska ko da ba a ɗora shi a wuta ba.

Ɗauki kanumfari. Mai kyau, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa mai ne, kuma mafi yawan man wani sinadari ne da ake kira yujinol, wanda shi ke kashe zogin haƙori, har likitocin haƙori na amfani da shi. Kanumfarin da ke kasuwanninmu daga nesa yake zuwa, irin su Zanzibar da Madagaska da Indunisiya, don haka kafin ya iso ya riga ya sha hanya. In aka zuba shi a buɗaɗɗen tire ya yi watanni, mai wucewa zai ji layin ya gauraye da ƙamshi, amma wannan ƙamshi da ya cika kasuwa daga jikin hajar ya fita, kuma ba zai koma ba. Gwajinsa ba wuya: danna farce a jikin ƙwaya ɗaya, mai kyau zai nuna maiƙo. Ko ka jefa a ruwa, mai nauyin mai zai nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda ya huce kuwa sai ya kwanta a saman ruwan.

Na'a-na'a da ɗoɗɗoya sun fi kanumfari rauni, domin man nasu a 'yan ƙananan ƙuraje yake a bayan ganye, da an murza sun fashe. Shi ya sa masu sarrafa irin waɗannan ganyaye ke busar da su a inuwa ko a zafin da bai wuce kamar digiri 40 ba, kuma ba sa marmasa su sai an zo amfani. Citta, wadda Kachia da kewayenta a kudancin Kaduna suka yi suna wajen nomanta, tata sauyawar iri biyu ce. Ƙamshin yana raguwa, sannan sinadarin yajinta, jinjarol, zafi na mayar da shi wani da ake kira shogawol, wanda ya fi shi yaji. Saboda haka tsohuwar citta tana iya ƙona harshe alhali ƙamshin ya tafi, mai saye ya ɗanɗana ya ce tana da ƙarfi. Yaji kaɗai ba shaida ba ne.

A nan ne maganar daka ke shigowa, kuma ita ce al'adar da na fi ganin tana cutar da sana'ar a yau. Da, mai magani kan ba ka saiwa ko sassaƙe ka je gida ka daka ko ka jiƙa. Yanzu kowa gari yake so, wanda zai zuba a kunu ko shayi ya wuce. Sai a kai buhu guda inji a niƙe. Injin niƙa da kansa yana ɗumama garin, ka taɓa ka ji da zafi, tun a nan wani ƙamshin ya tashi. Bayan haka, abin da yake dunƙule ɓawonsa na kare cikinsa ya zama ƙura, kowace ƙwaya iska na taɓa ta ta ko'ina. Habbatus sauda ta fi nuna wannan. Ƙwayarta takan daɗe lafiya, amma da an niƙa ta, man cikinta ya fara canza wari, sinadarin da ake yaba ta dominsa kuma, taimokwinon, ba ya jure haske. Duk da haka za ka ga garinta da manta a fararen robobi an jera a bakin shago, inda rana ta fi haskawa, don mai wucewa ya gani.

Launi ma yana ba da labari. Jan zoɓo daga wasu sinadarai yake da ake kira antosayanin, waɗanda zafi da haske ke rusawa, shi ya sa tsohon zoɓo ke komawa ruwan ƙasa, jiƙonsa ya yi fari-fari. Zogalen da aka shanya a tsakar rana, ko aka bar garinsa a farar leda, yana rasa bitamin C da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, korensa ya koɗe ya koma kalar ciyawar rani. Uwar da aka ce ta riƙa zuba wa yaronta garin zogale don ya murmure, in koɗaɗɗe ta saya, to kaɗan daga abin da aka yi mata alkawari ta samu.

Abin da damina ke kawowa

Hucewar magani asara ce. Danshi kuwa haɗari ne.

Allah Ya hore mana hunturu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Ƙasashe da yawa sai sun kashe kuɗi a kan injin busarwa kafin su samu irin bushewar da iskar Disamba ke ba mu kyauta. Matsalar ita ce busasshen ganye yana shan laima daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina. Ganyen da ke ƙaras-ƙaras a Janairu, in a buhun algarara ko kwando yake, zuwa Agusta zai yi laushi ko da ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Masana ajiya sun sa iyaka: in laimar iskar da ke kewaye da busasshen kaya ba ta wuce kashi 65 cikin 100 ba, funfuna ba ta samun wurin tsira. Da ta haura, sai ta fara. A tsakiyar damina kuwa laimar kan kai kashi 80 ko fiye.

Cikin ire-iren funfuna akwai wadda masana ke kira Aspergillus flavus, mai son zafin digiri 25 zuwa 35 da danshi, wato yanayin sitonmu a damina sak. Ita ke fitar da gubar afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar daga ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Birazil ne. A 2004 ta ɓarke a gabashin Kenya ta hanyar masarar da aka ajiye da danshi, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu. Wannan shi ne in an ci da yawa a lokaci guda. Wanda ya fi yawa shi ne a riƙa ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, tana cin hanta a ɓoye. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam, kuma haɗarin yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu.

Abu biyu ne suka sa wannan guba ta fi ban tsoro a harkar magani. Na farko, tafasa ba ta kashe ta. Mutanenmu kan ce ai wuta ta kashe komai, kuma gaskiya ne tana kashe ƙwayoyin cuta da ita kanta funfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan. Goge funfunar da tsumma, ko sake baza kayan a rana, yana gyara idon haja ne kawai. In kuma an niƙa, shi ke nan, babu idon da zai gane. Na biyu, dubi su wa ke shan maganin. Mai shawara da ake jiƙa wa rawaya, hantarsa ce ta riga ta raunana. Jaririn da ake ba dauri, nauyinsa duka bai wuce kilo uku ko huɗu ba. Mai jego, tsoho, mai doguwar jinya. Waɗanda suka fi kowa rauni su ake ɗura wa abin da ba a san inda ya kwana ba. Bincike da dama a jami'o'in Najeriya da na wasu ƙasashen Afirka sun sha gano funfuna, wani lokaci da gubarta, a magungunan gargajiya da aka sayo daga kasuwa.

Don a ga yadda wasu suka ɗauki abin da muhimmanci: Tarayyar Turai ba ta yarda citta ko barkono ko kurkum su shiga kasuwarta ba in nau'in gubar mafi muni ya wuce mikrogiram 5 a kilo ɗaya, wato kashi 5 cikin biliyan. Ga tsiran da za a yi magani da su, kundin magungunan Turai ya sauko da iyakar zuwa mikrogiram 2. Cittar da ta faɗi irin wannan gwaji ba lallai a zubar da ita ba. Tana iya ƙarewa a kasuwar gida.

Leda, takarda da kwalba

Leda ta mamaye sana'ar saboda araha da sauƙi, kuma ba za a ce ba ta da amfani ba, tana tare ƙura da ruwa. Amma siririyar ledar ƙulli ba ta tare iska yadda ake zato, kuma ƙamshi na ratsa ta. Shaida ita ce kana jin ƙamshin kimba ko kanumfari ta bayan ƙullin. Ita kanta robar tana tsotse wani ɓangare na man. Fara ce, haske na shiga. Baƙar leda kuma tana tare haske, amma tana zuƙar zafi in an ajiye a rana, kuma sau da yawa daga tsofaffin robobi ake narka ta, ba a yi ta don abin ci ba.

Babban kuskuren shi ne ƙulle abin da bai gama bushewa ba. Da rana leda ta yi zafi, ruwan cikin ganye ya fito ya zama tururi, da dare ta huce ya koma raɓa a jikin ledar ta ciki. Wannan gumin da ake gani a ƙulli, shi ne mafarin funfuna. Don haka rufewa ruf tana da sharaɗi: ga busasshen kaya kariya ce, ga mai sauran danshi kuwa gara ma a bar shi a buhun da ke numfashi. Saiwa da sassaƙe masu kauri sun fi yaudara, bayansu ya bushe cikinsu da saura. Ƙa'idar masu sana'a ta tsufa amma tana nan daram: ganye ya marmashe a hannu, saiwa ta karye ƙas, kada ta lanƙwashe. Malaman gona suna koya wa manoman hatsi wata dabara da za ta yi amfani a nan: a zuba busasshen gishiri da ɗan samfurin kayan a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Takardar jarida da ta littafin makaranta da ake naɗe magani da su, tawadarsu na ɗauke da sinadaran da ke iya shiga abin da aka naɗe, musamman mai maiƙo. Hukumar kula da abinci ta Indiya ta haramta naɗe abinci da jarida a dokokinta na 2018. Takardar buhun siminti, da buhun da aka juye takin zamani, da jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi, waɗannan ko kusa bai kamata su haɗu da magani ba, komai wankin da aka yi musu.

Abin da ya fi shi ne kwalbar gilashi mai duhu da murfi mai kamawa, ko gwangwani mai tsabta marar tsatsa, ko jakar nan mai gorar ruwa a ciki da ake liƙe bakinta da zafi. Waɗannan ba iska, ba haske, ba laima. Wanda ba shi da kwalba mai duhu, fara ma ta yi in za a sa ta a kabad ko a naɗe ta da ƙyalle. Gara ƙananan mazubai da yawa da babba ɗaya da ake buɗewa sau ashirin a yini, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce da sabuwar laima.

Idan aka waiwaya, kakanninmu ba su san sunan ko ɗaya daga sinadaran nan ba, amma ajiyarsu ta fi tamu dacewa da su. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana da sanyi da rana, yana da duhu. Magani yana cikin ƙwarya ko gora ko batta, an rataye a ragaya, nesa da ƙasa da ɓera. Ba a dakawa sai an tashi sha. Sannan mai magani na ƙauye bai cika tara na shekaru ba, daji na kusa, in ya ƙare ya koma. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta ga ɗaruruwan shekaru na cinikin saiwa da kayan ƙamshi kafin kwano da leda su zo. Abin da ya canza shi ne yawan kayan, da nisan hanyar, da rufin da ke kansu. Ba cewa nake a koma jiya ba, ƙwarya ba ta tare laimar Agusta yadda kwalba ke yi. Amma hikimar sanyi da duhu da barin abu a dunƙule, mun yar da ita ba tare da mun maye gurbinta da komai ba.

Wani zai ce to a sa a firji mana. Sanyi yana rage saurin lalacewa, babu shakka, amma da irin wutar lantarkinmu, a ɗauke a kawo, mazubin yana ta gumi, kuma duk lokacin da aka fito da shi da sanyinsa aka buɗe, raɓa ce ke sauka a kan garin. In za a yi, sai a kwalba mai rufuwa sosai, kuma a bar ta ta huce kafin a buɗe. Haka tukunya cikin tukunya, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ta dace da tumatir da ɗanyen ganye, domin sanyinta daga jiƙaƙƙen yashi yake zuwa, amma wannan laimar ce busasshen magani ba ya so. Ga yawancin mutane, ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da murhu da taga, a kan katako ba a daɓe ba, kuma ba a jingine da bango ba, ya wadatar.

Ƙwari da maganin ƙwari

Zafi da danshi suna gayyato ƙwari, kuma Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗarta. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, wanda Jigawa ke kan gaba wajen nomansa. A 2018 ta rufe ƙofa bayan an ga wani ƙwaron sito da ake kira kafra a cikin kayan da aka aika, aka shafe shekaru kafin a sasanta. Manoma da 'yan kasuwar Maigatari da Dawanau sun ji a jikinsu. Zoɓon lafiya lau ya fito daga gona. A sito aka yi asarar.

Hanyar da wasu ke bi don korar ƙwari ta fi ƙwarin muni: yayyafa fiya-fiya a buhu ko a ɗakin ajiya. Sinadarin da ke cikinta, dikulorobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Wake ma ana wanke shi a dafa. Garin magani kuwa a kan nono ko kunu ake barbaɗa shi a sha yadda yake. Ga mai ajiye buhuna, akwai mafita da manoman wake suka daɗe da sani: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007. In an ɗaure shi da kyau iskar ciki na ƙarewa, ƙwarin su mutu ba tare da guba ba. Sharaɗinsa dai shi ne na ɗazu, kayan su bushe ƙarau kafin a ɗaure.

Ina hukuma?

Ƙa'idoji ba su yi ƙaranci ba. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan noma da tattara tsiran magani, inda ta yi bayanin shanya, da mazubi mai tsabta, da ajiya a busasshen wuri mai iska nesa da ƙasa, da rubuta sunan tsiro da inda aka samo shi da ranar da aka ɗebo. Najeriya ta wallafa kundin tsiran maganinta a 2008, Hukumar Lafiya ta Afirka ta Yamma ta fitar da nata a 2013. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana ba maganin gargajiya da aka sarrafa lambar da ke ƙarewa da harafin L, ta shekara biyu, bayan ta duba cewa ba ya cutarwa, kuma tana buƙatar a rubuta ranar haɗawa da ranar daina aiki. Akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, da hukumar bunƙasa maganin gargajiya a Legas. Kowace 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yi jawabai.

Sai dai duk wannan ya tsaya ne a kan maganin da ya shiga kwali. Mafi yawan abin da talaka ke sha, a mudu da ƙulli ake sayar da shi, babu suna, babu rana. Ko mai lambar ma, lambar ba ta hana shi lalacewa in ya yi wata uku a bayan gilashin mota. Kuma takardun nan da Turanci da Faransanci suke, 'yar mai ganye da wanzami da ungozoma ba su aka rubuta wa ba. Ban ga abin da zai hana a mayar da su Hausa a shafi biyu ba, a karanta a rediyo, a kai wa ƙungiyoyin masu maganin gargajiya da sarakunan kasuwa, waɗanda su ne ake jin maganarsu a layin. Jihohin da ke gina rumfunan kasuwa su ma za su iya sa silin da tagogin iska a layin masu magani, kuɗin bai kai na kwalta kilomita ɗaya ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun masu sana'ar, kuma ribarsu ce. Maganin da ya huce, in bai yi aiki ba, ba leda ake zagi ba, mai maganin ake zagi, da sana'ar gaba ɗaya. A ajiye 'yan kaɗan a gaban shago don nuni, sauran a ɓoye a inuwa. A niƙa na mako biyu, ba na shekara ba. A sayar da tsohon kaya kafin sabo, a daina zuba sabo a kan tsoho. Abin da ya yi funfuna a ƙone shi, kada a niƙa. Sannan a samu biro da 'yar takarda a rubuta wata da shekarar da aka ɗebo, da boko ko da ajami, a liƙa a jikin mazubi. Ganye da fure da duk wani gari, in sun zagayo shekara a yanayinmu a sake sabo.

Kai kuma mai saye, kana da haƙƙin ka sunsuna, ka duba launi, ka karya saiwa ka ga cikinta. Nemi dunƙulalle ka daka a gida. Kada ka karɓi ƙullin da ke gumi, ko garin da ya cure, ko mai warin rima, ko da kyauta aka ba ka. In na jariri ne ko na mai ciwon hanta, ka ninka taka-tsantsan, ka kuma sanar da likita abin da ake ba shi. Ka riƙa tambayar mai magani yaushe aka ɗebo wannan. In ya kasa faɗa maka, ka mayar da kuɗinka aljihu.